Bindigar Sale, Jirgin Modu

Kwanaki wani ya shigo mini maƙera da bindiga adaka naɗe cikin buhu, ya ce kunamarta ce ta saki, in ɗan taɓa masa. Na ce ya mayar da ita inda ya ɗauko ta. Ku samarin da ke zama a bencin mai walda kuna jina, na kuma ga dariyar da kuka yi. Ɗayanku har cewa ya yi tsufa ya kama Baba Ilu, aikin da ba ya kai shan kofin shayi. Ta wannan gefen kuna da gaskiya, gyaran kunama ba wuya. Da ido ɗaya ma zan yi shi, dama ɗayan hayaƙin gawayi ya gama da shi tuntuni. Abin da ba ku sani ba shi ne aikin mai gyaran bindiga ba ya ƙarewa a bakin wuta, sai ranar da ta koma hannun mai ita. A tsakanin maƙera da wannan hannun na ga an rasa jirgin fito sukutum, na wani bawan Allah da ko ƙadangare bai taɓa harbi ba. Tunda kun ce sana'ar zaman hira ce, ku gyara zama.

A hannun baffana Audu na koyi ƙira, nan Haɗeja, a rumfar nan da kuke gani, sai dai a lokacin rufin zana gare ta ba kwano ba. Na daɗe a kan zugazugi kafin a bar ni in taɓa masaba. Ku maɓalli kuke dannawa wuta ta zo. Mu fatar akuya ce, hannu na hawa hannu na sauka tun hantsi har la'asar, in ka yi gyangyaɗi Baffa ya ɗana maka awartaki a gwiwa. Daga zugazugi sai zaɓen gawayi, don ba kowane gawayi ke dafa ƙarfe ba, na ƙirya muke nema, wanda in ka sake shi a ƙasa za ka ji ya yi ƙara. Sannan riƙon awartaki, sannan magagari. Fartanya da lauje da gatari su ne karatun farko. Bindiga sai can ƙarshe, kuma ba kowane ɗan gida ake kaiwa nan ba. Yayana har ya koma ga Allah bai wuce gatari ba, don Baffa ya ce hankalinsa a bakinsa yake.

Bindigar farko da aka bari na tsaya a kanta ta wani maharbi ce daga wajen Kaugama. Ya rantse ya maimaita babu komai a cikinta, tun bara ya harbe ta. Baffa ya ce masa to madalla, ya ɗauki sandar ɗuri ya zura, sanda ta tsaya tun ba ta kai gindi ba. Aka zazzago albarushi da guntayen ƙarfe da tsumma. Maharbi ya shiga sosa ƙeya, wai ƙila ɗansa ne ya ɗura. Baffa ya ajiye sandar ɗuri. Ni ya juya ya nuna wa hannunsa na hagu, wanda yatsu biyu suka tafi tun kafin a haife ni, ya ce, "Wannan ma mai ita rantsuwa ya yi." Daga ranar na san duk bindigar da ta shigo rumfar nan ɗure take har sai na gani da idona.

Ku in an ce bindiga maharba kuke tunawa, ko 'yan fashi. Mafi yawan masu zuwa wurina manoman shinkafa ne. Wanda bai taɓa ganin jan-baki sun sauka a fadama ba bai san tashin hankali ba. Tsuntsu ne ƙarami, bai cika tafin hannu ba, amma in suka taso daga cikin kacalla, wato doguwar ciyawar nan da ta cinye mana kogi, sai rana ta dushe. Gonar da mutum ya wuni a cikin laka wata da watanni, kafin ya idar da sallar azahar sun mayar da ita ƙaiƙayi. Gwangwani da majajjawa da ihu duk ana yi, amma ba abin da suke tsoro kamar ƙarar adaka. Albarushi kawai ake ɗurawa, ba harsashi, a harba sama. Saboda haka da shinkafa ta fara ɗaukar ciki sai bindigogi su yi ta zuwa, wata ƙota ta tsage, wata kunama ta gaji, wata zanzaro ya yi gini a cikinta. Wasu da takardarsu, wasu takardar tun ta kakansu ce, gara ta raba ta da su. Ni dai ina gyarawa, in buga alamar gidanmu a ƙarƙashin ƙarfen kusa da ƙota, yadda Baffa ya yi, yadda ubansa ya yi.

Da rani mai bindiga da ƙafarsa yake zuwa ya karɓi abarsa. Da damina kuwa, in ruwa ya yanke hanya, sai dai saƙo, kuma saƙon bindiga yana da ƙa'idarsa. A tabbatar babu komai a ciki. A cire kunama, ɗan ƙarfen nan da ake ɗanawa a ja, don bindiga ba kunama sanda ce kawai. A naɗe ta a tabarmar kaba a ɗaure tamau, kunamar kuma a ƙulle ta a ƙyalle, mai kai saƙo ya sa a aljihunsa. Ko yaro ya kwance tabarmar a hanya ba abin da zai faru. Muna alfahari da wannan dabara ƙwarai, har muna yi wa maƙeran wasu garuruwa dariya da ba sa yin ta.

Mai kai mini saƙon tsallaken kogi Modu ne. Babarbare ne, kakansa daga bakin Tafkin Cadi ya taso, su kuma ba su san wata sana'a ba sai ruwa. Tsarana ne, tun muna samari muke tare. Ni bakina ba ya hutawa, shi kuwa in ya ce maka "wushe" da safe to ka samu rabonka na yini. Nakan ce masa Allah ya halicce shi kifi ne aka yi mantuwa aka sa masa ƙafa. Jirginsa na katako ne, dogo mai faɗin ciki, yana ɗaukar babura da buhuna da mutanensu ya haye da su ba girgiza. Kusan rabin rayuwarsa ya yi yana tuƙa na wasu kafin ya sa a sassaƙa masa wannan. Ba shi da gona, ba shi da rumfa a kasuwa. Gidansa kaf, har da marayun ƙaninsa, a cikin jirgin nan suke ci.

Shekarar babbar ambaliya, wadda ruwa ya kwana a ɗakunan mutane daga Miga har nan, ku ma kun isa tunawa da ita. A cikinta ne Sale ya aiko da bindigarsa. Sale manomi ne a wani ƙauye a tsallake, bindigar kuma ta ubansa ce, aikin Baffa, da takardarta lafiya lau. Ƙota ce ta tsage, na sassaƙa mata sabuwa, na gyara kunama. Na kira shi a waya ya zo ya karɓa, ya ce ba halin ya ɗaga ƙafa. Duk mazan garin suna kan jinga da buhunan ƙasa suna tare ruwa, 'yar shinkafar da ta tsira a tudu kuma jan-baki sun fara kewaya ta. Ya ce, "Don Allah Malam Ilu, ba wa Modu." Na naɗe ta yadda aka saba, na hau adaidaita har mashigi, na sa ta a hannun Modu da kaina. Ya kwantar da ita a gefen jirgi, ya jefa ƙullin kunama a aljihu. Mashigin ranar kamar an tashi kasuwa, masu gudun ruwa da katifu da awaki da tukwane, masu komawa duba abin da ya rage, kowa da tabarmarsa a naɗe.

Washegari ina hura wuta sai ga inuwa a bakin rumfa. Modu ne, wandonsa jiƙe har gwiwa. Bai yi sallama ba, abin da bai taɓa yi ba. Ya sa hannu a aljihu ya ciro ƙullin ƙyallen, ya ajiye a kan uwar maƙera.

Na ce, "Mene ne haka? Ba ta zauna ba ne?"

Ya ce, "Ba ta isa ba."

"Ba ta isa ina ba?"

"Da na sauke mutane na duba, babu. Na zazzage jirgi. Na bi waɗanda na sani gida gida, na kwance tabarmin mutane suna zagina. Babu, Ilu."

Da a zamanin Baffa ne cigiya za a ba wa mai shela ranar kasuwa, shi ke nan. Amma zamani ya riga ya lalace. Ana ɗaukar mutane a hanya, ana faɗa a kan burtali, kuma duk maƙerin da ya san hannunsa zai yi wa bindigar nan sabuwar kunama kafin azahar. In aka tsince ta gobe kusa da gawa, alamar wa za a gani a jikinta? Ban tsaya kashe wuta ba, na ja Modu muka nufi gidan Sarkin Maƙera, muka tarar da mai unguwa a zaurensa.

Sarkin Maƙera dattijo ne mai sanyin magana, ya ga jiya ya ga yau. Ya saurare mu har ƙarshe, sannan ya ce lallai a sanar da hukuma yau ɗin nan, kafin su ji a bakin wani. Ya ce zai aika wa maƙeran bakin kogi duka, duk wanda aka kawo wa bindiga ba kunama ya riƙe ta. Sai ya rage murya ya ce, "In kun je, ku ce ruwa ya ci. Bana ruwa ya ci gidaje, ya ci shanu, ya ci makabarta. Bindiga ɗaya ba za ta yi masa nauyi ba." Mai unguwa ya gyaɗa kai, ni ma na gyaɗa nawa.

Modu ya ce, "Ranka ya daɗe, ban ga ta faɗa ba."

"Ka ga wanda ya ɗauka?"

"Ban gani ba."

"To ai shi ke nan. Tunda ba ka ga ɓarawo ba, ruwa ne."

Ranar na ji Modu ya yi magana mafi tsawo a rayuwarsa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, gobe da mata da yara zan hau ruwan nan. Mu a gidanmu ba a ɗora wa ruwa abin da ba a ga ya ɗauka ba. Ubana ya gaya mini, shi ma ubansa ya gaya masa. Mai fiton da ya ce ruwa ya ci alhali bai ci ba, ruwa zai zo ya ci na gaske, kuma ba buhu zai zaɓa ba."

Na ce masa, "Kai Modu, wannan ai camfi ne. Je ka tambayi liman ka ji ko yana cikin littafi."

Ya ce, "To a bar camfi. Ƙarya fa, tana ciki?"

Ni dai ban yarda ba. Har muka kama hanya ina yi masa magiya, ina tuna masa marayun da ke gidansa, shi kuwa yana kallon gabansa.

Ofishin 'yan sandan da mashigin ke ƙarƙashinsa, ba sai na kira suna ba, a kan tudu yake. Sufeton da muka samu mutumin kirki ne, wannan zan faɗa ko a gaban wa. Shi ma ruwa ya kore shi daga gidan haya, iyalinsa na zaune a makaranta. Ya ba mu benci, ya ɗauki biro. Ya tambayi irin bindigar, tsawonta, alamar da ke jikinta, sunan mai ita, inda na miƙa ta da wanda na miƙa wa. Duk na amsa. Sannan ya ce, "Baba, magana biyu ce a nan. Ko ta ɓace, ko an sace ta. In ruwa ta faɗa, in rubuta, ku dangwala hannu, kowa ya tafi gida. In kuwa sata ce, ba a teburina za ta kwana ba, sama za ta tafi, kuma in ta tafi ba ni da iko da ita." Ya juya ga Modu. "Baba mai jirgi, ta faɗa ruwa, ko ba haka ba?"

"Yallaɓai, ban ga ta faɗa ba."

"Jirgin bai karkata ba a hanya?"

"Ya karkata a kwanar kacalla. Wata mata ce ta miƙe tsaye."

"To ka gani. A nan ta zame."

"Mai yiwuwa. Ni dai idona na kan matar."

Na taka masa ƙafa a ƙarƙashin benci har sai da na ji ƙashi. Ko gezau. Sufeto ya ajiye biro ya murza idonsa, ya ce, "Baba, ina buɗe maka ƙofa kana tokare ta."

Modu ya ce, "Yallaɓai, ka rubuta ba a sani ba."

"Babu wurin ba a sani ba. Bindiga ce, ba akuya ba. Wadda ba a tabbatar ta nutse ba, a wurinmu tana hannun wani."

Ni kuma da wayona, sai na ciro ƙullin kunama na ajiye a tebur, wai in nuna masa bindigar ba ta harbi, hankalinsa ya kwanta. Ya juya ta a hannu, ya tambayi inda take lokacin da bindigar ta ɓata. Na ce a aljihun Modu, haka ƙa'idarmu take. Ya ce, "Wato bindiga a jirginsa, kunama a aljihunsa, kuma ya ce ba ruwa ba ne." Ya ɗauki biro ya rubuta. Dabarar da muke yi wa wasu dariya a kanta, ita ce ta ƙara ɗaure shi.

Modu ya yi 'yan kwanaki a tsare kafin mai unguwa ya karɓo shi. Wannan bai dame shi ba, ya ce ya huta da sauro. Abin da ya biyo baya ne. Umarni ya zo daga sama cewa a riƙe abin da aka ɗauki bindigar a cikinsa har a gama bincike, kamar yadda ake riƙe mota. Aka zo da tarakta aka jawo jirgin daga mashigi, ana jansa a kan tsakuwa, Modu na bin sa a baya yana cewa a hankali, a hankali. Aka ajiye shi a harabar ofis kusa da wata mota da ta yi haɗari, a fili, ba inuwa. Ni kuma aka zo rumfata aka kwashe duk bindigogin da ke jiran gyara, wai sai an tantance takardunsu.

Ku ce mini tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, ban musa ba. Manoma suka yi ta zuwa neman kayansu, ina nuna musu bango babu komai. Jan-baki suka sauka a kan 'yar shinkafar da ambaliya ta bari, ba ƙarar da za ta tashe su. Sale ya zo bayan girbi, bai zage ni ba, ya dai ce abin da ya samu bai kai iri ba, ya tashi ya tafi bai sha ruwan da na ba shi ba. Wasu sun zage ni har gaban 'ya'yana. Ba wanda ya je ya zagi ofis, ai zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Na ji zafin wannan, amma ni ko ba bindiga ina da lauje da fartanya, wuta ba ta mutu a rumfata ba.

Jirgin katako kuwa ba a raba shi da ruwa. Ruwa ne ke kumbura katakon ya matse haɗin, in ya bushe sai ya ja jiki, haɗi ya buɗe, daga nan sai tsagewa. Modu ya fi kowa sanin haka. Kullum da safe sai ya ɗauki bokitai ya je famfon da ke bayan ofis, ya yi ta jido yana kwarara wa jirgin ciki da waje. Ya yanko kacalla ya lulluɓe shi. A shekarar da ruwa ya kori mutane daga gidajensu, ga mutum yana jidon ruwa yana kai wa jirgi a kan tudu. Masu wucewa na tsayawa kallo, wasu na cewa Babarbaren nan ya taɓu. Na taya shi wasu ranaku, ina jido ina yi masa faɗa. Na ce kalma ɗaya ce, har yanzu in ya shiga ya ce ya tuna, Sufeto zai san yadda zai yi. Ya ce in zuba ta wajen hancin jirgin, can ne ya fi shan rana.

Ana cikin haka aka yi wa Sufeto canjin wurin aiki. Wanda ya zo bai san mu ba, ba kuma mugu ba ne, takarda ya tarar ya bi. Ya ce kayan shaida ba a taɓa su, kuma ruwan da ake zubawa na tara sauro a harabar ofis. Aka kwashe kacallar aka ƙone. Daga ranar Modu sai dai ya tsaya a bakin shingen waya ya leƙa. Na je wurin Sarkin Maƙera, ya je wurin hakimi, hakimi ya yi waya, aka ce fayil na sama. Wanda muka tambaya duk sai ya nuna mana sama, har na fara ɗaga kai in ga ko a rataye yake. Ruwa ya janye, sanyi ya wuce, bazara ta shigo da ranar nan tamu mai fasa ƙasa. Gidan Modu aka fara sayar da awaki, sannan keken ɗinkin matarsa, marayun kuma aka rarraba su gidajen dangi.

Can cikin bazara, wasu masunta na saran kacalla don su buɗe hanyar ruwa, daidai kwanar nan. Laujen ɗayansu ya bugi ƙarfe. Suka tono ta a cikin saiwoyi, tabarma ta ruɓe, igiyata na nan a ɗaure. Da yake cigiya ta zaga bakin kogi, suka kankare laka suka ga alama, suka kawo mini. Tsatsa ta cinye ta, ƙotar da na sassaƙa ta kumbura ta dare. Wallahi da ɓarawo aka kama da ita da ya fi mini sauƙi.

Na ɗauke ta na kai wa Modu. Ya karɓa ya juya ta, ya tambayi inda aka same ta, na gaya masa. Ya tambayi wanda ya tono ta, ya sa aka kira mutumin ya ji daga bakinsa. Sannan ya ce, "To. Ruwa ya ci. Mu je a rubuta."

Na ce, "Modu, abin da aka roƙe ka ka faɗa tun farko ke nan. Ashe ma gaskiya ce."

Ya ce, "Yanzu ta zama."

Na so in rufe shi da duka, Allah ya sani. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, kuma in da ni aka tambaya ranar, da na ce ruwa ne tun kafin Sufeto ya rufe baki, in yi istigfari daga baya. Amma ba ni ke hawa ruwa da 'ya'yan mutane ba.

Aka rubuta an samu bindiga. Takarda ta hau sama ta sauko, aka ce Modu ya zo ya ɗauki kayansa, har da ba shi haƙuri. Muka je da masassaƙin da ya yi jirgin. Kaza ta yi ƙwai a cikinsa. Haɗin duk ya buɗe, ta wani wurin hannuna na shiga ya fita, katakon gindi ya dare tun daga hanci har tsakiya, ya murɗe. Masassaƙi ya zaga shi, ya ƙwanƙwasa nan ya ƙwanƙwasa can, ya soka wuƙa a wani wuri ta shige ba gardama. Bai yi dogon bayani ba. Ya dafa kafaɗar Modu ya ce, "Allah ya mayar da alheri."

Bayan kwana biyu Modu ya aiko in zo da awartaki da guduma. Wata mai bandar kifi ce ta saye katakon, ta ce a cire mata ƙarfen kada ya lalata mata murhu. Ƙusoshin da maɗauran jirgin nan duk ni na ƙera su da hannuna lokacin da ake haɗa shi, yana zaune a bakin rumfata yana zaɓa ɗaya bayan ɗaya. Ranar shi ke riƙe katako ni ina zara. Mai banda na gefe da amalanke tana cewa mu yi sauri kifinta zai lalace.

Da muka gama ya tattara ƙusoshin a hularsa ya miƙo mini. Na ce me zan yi da su? Ya ce in haɗa su in ƙera masa ƙugiya, irin ta 'yan dako da ake cakumar buhu da ita, don ya samu aiki a injin casar shinkafa, yatsunsa kuma ba sa kama buhu yadda na yara ke kamawa. Na koma na hura wuta na ƙera masa, na yi mata mariƙin ƙirya mai santsi don kada ta ci masa hannu. Tsohon nan da ke sauke buhuna a bakin inji, wanda kuke tsokana in ya durƙusa ya kasa tashi sai an ɗago shi, shi ne Modu. In kun wuce gobe ku dubi abin da ke hannunsa, jirginsa ke nan.